Jibo Zai Tafi Makka Ta Sama

A shekara ta uku da samun mulkin kai, Jibo, wani Ba'are mai sayar da atamfa a Dogon Dutsi, ya samu kujerar Hajji a jirgin sama. Yana zaune a tasha yana jiran motar Yamai, sai ga Modibbo, tsohon Bafillace abokin wasansa, irin wasan Arawa da Fulani, wanda ya je Makka da ƙafa tun yana saurayi.

"...da gida, da iyali? To madalla," in ji Modibbo bayan sun gaisa. "Kai, Bawana, an ce za ka tashi sama ba ka sallami ubangidanka ba."

"Wa ya bar ka cikin gari, Modibbo? Shanu sun kore ka ne?"

"Na zo ganin mai zane a kumatu zai zama tsuntsu. Wata nawa za ku yi a hanya?"

"Wane wata? Mu tashi Yamai da hantsi, mu kwana Jidda."

"Ƙarya kake! Hanyar da na shiga ba gemu, na fito da furfura?"

"Kai da ka tsaya kiwon awakin mutane a kowane gari! An ce kilomita wajen dubu huɗu ne."

"Wa ya auna? Da wace igiya? Ni da na taka ta, sai da ƙafafuna suka rage tsawo. Da na fi ka tsayi."

"Ƙafafun nan kamar karan dawa?"

"Su suka kai ni. Kai kuwa a ɗauke ka kamar buhun wake, a sauke, ka dawo ka ce Alhaji. Mi ya sa gwiwarka ke rawa?"

Jibo ya dafe gwiwa. "Sanyi ne."

"Da rana tsaka? Ba'aren da ya faɗo daga bayan jaki, jakin yana tsaye!"

"Jakin Fulani ne, ba ya da tarbiyya."

Modibbo ya matso, ya rage murya. "Saurara. Ƙanena Mahmuda na bari a Sudan, guzuri ya ƙare mana, ya tsaya noman auduga. Har yau ba labari. In kun zo bisa garin da na bar shi, ka ce wa matuƙi ya dakata, ka leƙa ta taga ka kira shi."

"Daga sama? In ce wa?"

"Ka ce Mahmuda mai wushirya. Da wannan bakin naka, ko a Masar yake zai ji."

Jibo ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sannan ya ga tsohon bai yi ba.

"An ce jirgi kan sauka shan mai a Hartum. Duk Bahaushe da Bafillacen da na gani, sai na tambaye shi," in ji Jibo.

Modibbo ya zaro 'yar ƙwaryar man shanu daga cikin riga, ya dangwara masa a cinya.

"Ka ba shi. In ba ka gan shi ba, ka shafa wa gwiwar."

"Ka ci ni yau, ubangida," in ji Jibo, ya rungume ƙwaryar ya hau mota.