Barcin da na yi a zauren Malam Inuwa

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da la'asar ɗin wata Juma'a a Shahuci, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Jikokina sun sha jin labarin, kullum kuma sai sun yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma ina taya su. Amma akwai gefen da ban cika ba su ba, shi ne zan haɗa da shi yau.

A lokacin ina saurayi ɗan ashirin da 'yan kai, ina zaune a Gwale tare da Innata a gidan Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe mu tun rasuwar Babanmu. Na gama elementare, na ɗan taɓa midil, na iya Turancin da zai ishe ni gaisuwa da ba da haƙuri. Da wannan na samu aiki a wani kamfanin sayen gyaɗa, can wajen tashar jirgin ƙasa. Aikina shi ne haɗa waya. Yaran yanzu ba za su gane ba: wani ɗan ɗaki ne marar taga, da allo mai ramuka a gabanka, da igiyoyi, da abin ji a kunne. Ƙararrawa ta kaɗa, ka ce wa ake nema, ka cusa igiya a ramin ofishin da aka ambata. In ka tarar ana magana a kai, akwai amsar da aka koya mana, ba ragi ba ƙari, a faɗe ta cikin ladabi. Na faɗe ta sau dubbai har ta zauna a harshena kamar salati.

Mu biyu ne a kan allon, ni da wani Malam Garba, ɗaya rana ɗaya dare, muna canji mako-mako, don wayar 'yan kamasho na ƙauyuka da ta mutanen tasha ba ta san dare ba. Ana tsakiyar cinikin gyaɗa mahaifin Garba ya kwanta ciwo, Garba ya tafi garinsu. Baturen ofis ya tambaya ko zan iya riƙewa kafin a samu wani. Ba wanda ya matsa mini, wannan in faɗi gaskiya. Ni na ce zan iya, har da dukan ƙirji. (Ina da sabon keke, da agogon hannu, da wando mai kari, ina jin babu abin da zai gagare ni a birnin Kano.)

Sai ya zama in shiga bayan magariba, in kwana, in wuni har azahar, sannan wani akawu ya karɓe ni na 'yan sa'o'i. In na dawo gida in kwanta, barcin ba ya yiwuwa. Ga daka a maƙwabta, ga yara, ga ƙuda, ga zafin da ya fara. Inna takan zauna a bakin ƙofar ɗakina tana korar kaji da yara, amma ko an yi tsit, ƙararrawar nan tana kaɗawa a cikin kaina. Goro ya zama abincina, shayi mai kauri ya zama ruwan shana. Idanuna suka yi ja, hannuna ya fara rawa in na ɗauki kofi, cikina yana ci da wuta musamman in yunwa ta taso. Wandon nan mai kari sai da na ƙara wa bel ɗinsa huda biyu. Inna ta ce in dubi fuskata a madubi, na ce mata haka ma'aikata suke.

To, ga Rabi.

Hanyata ta zuwa aiki ta Shahuci take bi, ta ƙofar gidansu. Tana sayar da wainar mahaifiyarta da safe a bakin zaure, kuma tun lokacin da nake tashi aiki da sassafe na saba tsayawa. Ba ta da yawan magana. Takan zuba mini waina ta ƙara guda ɗaya ba tare da ta dube ni ba, in na yi godiya ta ce ai ta ƙone ne, alhali ba ta ƙone ba. Tana da wani ɗan tabo a haɓa, da wata irin dariya da take rufewa da gefen mayafi. Sauran samari dare suke zuwa zance, ni kuwa zancena na hantsi ne, ƙafa ɗaya a kan feda. Da na ɗauki aikin mutum biyu, hantsin ma ya gagara, sai dai in wuce da azahar in tarar an kwashe tanda. Wani lokaci ina hango gefen mayafinta a ƙofa, ta ɗaga mini hannu ta koma.

Baffa ya aika da maganar neman aure wurin mahaifinta, Malam Inuwa, mai ɗinkin manyan riguna, dattijo mai natsuwa da ake jin maganarsa a unguwa. Malam ya amsa da cewa ya ji, amma kafin manya su zauna yana so ya ga yaron da idonsa. Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar. Baffa ya ce in nemi hutun daren Alhamis in yi barci. Na ce to, ban nema ba. Kunyar Bature nake ji, kada ya ce na gaza. Na fito aiki daidai lokacin masallaci, na yi wanka, na sa rigar da Baffa ya ara mini, na tauna goro biyu a jere, muka tafi.

Wanda bai taɓa shiga zauren ƙasa a tsakiyar bazara ba bai san abin da ya same ni ba. Waje kamar tanderu, ciki kuwa sanyi, ga ɗan duhu, ga ƙamshin turare da na sabon yadi. Aka shimfiɗa mana tabarma. Na durƙusa na gaida Malam, na koma gefe na zauna na sunkuyar da kai yadda ya kamata ɗa nagari ya yi. Shi da Baffa suka shiga gaisuwa, daga gaisuwa suka gano cewa sun yi karatu a wurin malami ɗaya, daga nan suka kama lissafa waɗanda suka rasu. Muryoyinsu ƙasa-ƙasa, allurar Malam tana shiga tana fita a wuyan riga. Wata uku rabona da in zauna a wurin da babu ƙararrawa. Abu na ƙarshe da na tuna shi ne ina kallon saƙar tabarma ina cewa a raina kai, wannan masaƙi ya iya.

Abin da ya biyo baya, Baffa ne ya ba ni labari, kuma bai rage mini komai ba.

Wai Malam ya ajiye ɗinki ya juyo gare ni ya ce, "Yaro, ina so in ji daga bakinka. Da gaske kake neman Rabi?" Na yi shiru. Dattijan biyu suka dubi juna suka yi murmushi, Malam har yana cewa madalla, yaron yana da kunya, irinsu sun yi ƙaranci. Ya sake tambaya. Na sake yin shiru, kaina ya ƙara yin ƙasa. Baffa ya ce a lokacin har alfahari yake ji da tarbiyyar da ya yi mini. Malam ya buɗe baki zai tambaya karo na uku, sai munshari ya fito. Ba ƙarami ba. Baffa ya zungure ni da gwiwa, a daidai lokacin kuma wani mai keke ya wuce ta ƙofar gidan yana kaɗa ƙararrawa.

Na zabura. Hannuna ya kai ga abin da ya fi kusa, wato carbin Malam da ke kan buzu, na kama kansa ina neman ramin da zan cusa a jikin bango. Na buɗe baki da muryar nan ta aiki, a tsanake, cikin ladabi, na ce:

"Layin a cike yake, ranka ya daɗe, akwai wani a kai. A sake nema an jima."

Daga nan ni da kaina na tuna komai, don idona ya buɗe tar. Ga Malam Inuwa yana kallona. Ga carbinsa a hannuna, na dafa shi a bango. Ga Baffa ya rufe fuska da hannun riga. Daga bayan ƙofar cikin gida kuma na ji kwano ya faɗi, ruwa ya malalo har bakin zaure, sai ƙarar takalmi da gudu. Rabi ce aka aiko da ruwan baƙi. (An tambayi mutum ko yana son yarinya, ya ce akwai wani a kai. Ku auna.)

Na so ƙasa ta tsage. Na ajiye carbin a hankali kamar ƙwai, na fara ba da haƙuri, rabi da Hausa rabi da Turanci, don kaina bai gama dawowa ba.

Malam bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Ya ce in matso kusa da ƙofa inda haske yake. Ya dubi idanuna, ya ce in miƙo hannu, ya ga yadda yake karkarwa. Ya tambayi rabona da barcin dare, na fara lissafi na kasa. Sai ya juya ga Baffa ya ce shi bai ga rashin kunya a nan ba, ya ga marar lafiya ne. Sannan ya ce da ni:

"Ban hana ka ba. Amma ba zan ba da 'yata ga mutumin da zai riƙa shigowa gida tana tashi, ya fita tana kwanciya ba, in ma ya yi tsawon ran. Ka koma ka gyara aikinka. Ina jiranka zuwa faɗuwar ruwa."

A hanya, da muka kusa gida, Baffa ya tsaya ya dafa bango ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Kafin mako ya zagayo, samarin Gwale sun sa mini suna A-Sake-Nema, kuma ya bi ni shekaru.

Bayan kwana huɗu na yi ƙarfin halin bi ta Shahuci. Rabi ta fito bakin ƙofa, ta kasa haɗa ido da ni, kafaɗunta suna rawa a ƙarƙashin mayafi. Da ta gama, ta share ido ta ce, "Ni ban ji haushi ba. Tausayi ka ba ni. Ka bar aikin daren nan mana." Na yi mata alkawari. Wallahi da zuciya ɗaya na yi shi.

Sai dai a makon ne Bature ya dafa kafaɗata ya ce ni jarumi ne, in na ƙara haƙuri kaɗan za a duba batun mai da ni akawu. Na ce a raina in na zama akawu ai Malam ma zai fi jin daɗi. Ciniki ya ƙare, amma jirgi bai gama kwashe dalar gyaɗa ba, waya ba ta huta ba. Sau biyu Rabi ta aiko ƙawarta cewa in zo da yamma, sau biyun na ce bari in ɗan kishingiɗa tukuna, na farka ana kiran magariba. Ruwa ya faɗi, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, ina ta cewa wata mai zuwa.

Wata safiya a tsakiyar damina na tashi daga kan allon zan sha ruwa, jiri ya kwashe ni, na yi aman jini. A asibiti aka ce gyambon ciki ne. Na yi mako bakwai a kwance ina shan kunu da madara. A rana ta uku da kwanciyata aka ɗauki mutum biyu a madadina. Biyu fa, abin da aka ce wata da watanni ana nema ba a samu ba.

Da na fito, Inna ce ta gaya mini, tana kallon ƙasa. An sa ranar Rabi da wani mai fataucin goro, mutumin kirki, kuma ba tilas aka yi mata ba, an tambaye ta ta amsa. Malam ya jira har ya wuce lokacin da ya ɗiba. Ya ma zo duba ni a asibiti, Inna ta ce, ya tarar ina barci, ya hana a tashe ni. Bayan biki mijin ya tafi da ita kudu, can aka ce suka zauna. Ban sake ganinta ba. Na daɗe ina zagayawa ta wata hanya don kada in bi ta ƙofar gidan, daga baya kuma na daɗe ina bi ta nan ba tare da wani dalili ba.

Ban koma kamfanin ba. Baffa ya sa ni a rumfar wani abokinsa a kasuwa, ina rubuta wa mutane wasiƙa, in tashi da la'asar kamar kowa. Na yi aure, Allah ya ba ni mace tagari, ya jiƙanta, ba ni da abin cewa sai godiya. Cikin nan dai har yau ba ya karɓar yaji, kunnen hagu kuma bai daina ƙara ba. Wani lokaci nakan zauna in yi ta ƙoƙarin tuno muryar Rabi, sai in tarar kalmomin suna nan amma muryar ta tafi.

In kuna neman darasi, ga wanda na samu, da tsada kuwa: barcin da ka kora ba tafiya yake yi ba, laɓewa yake yana jiran ranar da ka sa rigar aro, kuma ba ya jin kunyar surukin kowa. Yanzu da na tsufa ba ni da Bature, ba ni da inda zan makara, gado da lokaci duk nawa ne. Shi kuma barcin ya ce ya gama da ni tun a zauren nan.