Yadda Na Ɗaga Ƙarfe Da Minshari

Ni fa ba kishin Hamza ƙanen matata nake ba. Kawai dai tunda ya fara zuwa gidan motsa jiki a Khartum, duk taron dangi hirar kafaɗunsa ake yi, har da matata. Ni kuwa sai dai a ce in janye tumbina a ajiye tire.

Na ji ya ce gudu yake fara yi a kan inji, sannan ya ɗaga ƙarfe. Wai inji. Ranar da ni ma zan je wurin, sai na ƙi hawa mota, na taso da gudu tun daga gidanmu a Umdurman, na tsallaka gada cikin ranar azahar, don yaro ya san akwai manya.

Na isa ina gani bibbiyu. Na kwanta a benci ƙarƙashin ƙarfen, sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya ratsa ni, na ce bari in lumshe ido in tattara ƙarfi.

Hamza ne ya tashe ni, ƙarti sun yi layi suna jiran bencin.

"Yaya, minsharinka ya danne kiɗan wurin."

Har yau, da na shiga gidansu, kakarsu ke sa a fito min da gadon igiya: "Ga ƙarfenka nan, angona. Kwanta ka ɗaga."