Kalangu a Zaman Makokin Baba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan so, da abin da na janyo a zaman makokin mahaifina.

Ni malamin makaranta ne a Tambuwal, kuma ina da cuta guda: son nuna na iya na'ura. Tun Baba na kwance na kwaso kaset-kaset ɗinsa daga gidanmu na Kebbe, na juye su cikin wata tsohuwar kwamfuta da ke ɗakina a Tambuwal. Na sa mata manhajar da ke tura sauti ta intanet zuwa wasu ƙananan rediyoyi guda biyu da na saya, duk inda suke. (In faɗi gaskiya, farkon kowane kaset kawai nake saurare, in sa masa suna, in wuce. Wa ke da lokacin zama?)

Da Allah Ya karɓi abinsa, Inna ta shiga takaba, ko abinci sai an yi da gaske. Na durƙusa gabanta ina lallashi, sai ta ce, “Abu guda nika so. In ji karatun Malam, masu gaisuwa su ma su ji.”

Baba ya taɓa ɗaukar karatunsa na Alƙur'ani a kaset, kuma yana cikin waɗanda na juye. Na bugi ƙirji na ce an gama.

Baffa Sani, ƙanen Baba, bai so ba. “Kai ɗan boko, kar ka kawo muna wasa wurin mutuwa.” Na ce haba Baffa, ai fasaha ce. (Har da wani ɗan murmushi na yi, Allah Ya yafe mini.)

Can gidanmu na Kebbe, na ajiye rediyo ɗaya a zaure wurin maza, ɗaya a ɗakin Inna. Wayata ce ke ba su intanet, kuma a gidan nan sabis ba ya kamawa sai a saman rumbu, don haka can na hau na ɗora ta. Na kunna karatun daga wayar, na sauko, na samu wuri kusa da liman na harɗe.

Muryar Baba ta cika zauren. Wallahi kamar yana zaune a kan buzunsa. Tsofaffi suka sunkuyar da kai, Baffa na share ido da bakin rawani. Ni kuwa hawaye na zuba, amma kaina sai ƙara kumbura yake.

Karatu ya ƙare, aka ɗaga hannu za a shafa fatiha. Sai ƙarrr, sai kalangu ya ɓarke! Ga guɗa, ga shewar mata. Can sai muryar wani saurayi, wadda duk tsohon da ke wurin ya gane, tana ihu: “Ku kaɗa mata! Ku ƙara! Amaryata ce!”

Baba ne. Baban da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ashe a kan kaset ɗin bikinsu ya ɗauki karatun, ƙarshen bai shafe ba.

Innalillahi! Na zabura na murɗa rediyon, ashe ƙarawa na yi. Na tuna da na ɗakin Inna, na kwasa da gudu zuwa rumbu in kashe daga waya, babbar riga ta harɗe ni, na kife a gaban mata masu daka. Kafin in hau in kashe, unguwa duk ta ji. Da na dawo zaure babu wanda ya dube ni. Baffa ya ce kawai, “Ka gama?” Na so ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya fi ci mini rai Inna ce. Abu guda ta roƙa, na mayar mata da shi abin dariya. Na daɗe a bakin ƙofarta kafin in iya sallama.

Na same ta rungume da rediyon, fuskarta sharkaf. Na fara, “Inna, ki yafe…”

“Wa ya ce ka kashe?” in ji ta. “Da ya tashi ɗaukar karatun, ina zaune. Da ya kawo wurin ga sai ya tsaida, ya ce wannan kam ba ya iya shafewa.” Ta miƙo mini rediyon. “Maido min shi. Amma a hankali, kar Baffanka ya ji.”

Na koma na sake hawa rumbun ina kuka kamar yaro.

Har yau Baffa in ya gan ni sai ya ce ga sarkin makaɗa. Na karɓa, ni na ja. Yanzu dai ba na tura wa kowa kaset sai na zauna na ji shi har ƙarshe. Rediyon da wayar na bar wa Inna. Kwamfutar nan kuwa ba na barin ta mutu, gara in hana kaina fanka in bar mata batirin sola, don a Kebbe akwai mai jiran a kira ta amarya.