Dodon Koɗin Mushe da Agwagwar Inna

Ba zan taɓa mantawa da wani ɗan dutse da bai fi ƙwayar wake ba, wanda ya kunyata ni a kolej ɗin Madarumfa. Malaminmu na kimiyya, da muke kira Mushe (haka ake kiran malami da Faransanci), shi ya zo da shi daga duwatsun Tawa. Ya ce dodon koɗi ne na teku da ya koma dutse tun zamanin da ruwan gishiri ya rufe ƙasar, kuma irinsa ya ƙare a duniya. Teku a Tawa! Na ishe shi da tambaya har ya ba ni in je gida in zana shi.

"Shi kaɗai gare ni," in ji shi. "'Yan ɗayan ajin ba su gani ba. Litinin ka maido mini abina."

To ni ɗan bakin tafki ne. Na sha ganin an haƙo gaiwa daga busasshiyar laka, a sa ta a ruwa ta motsa. Sai na ce a raina, wa ya tabbatar wannan ya mutu? Ƙila ba a taɓa jiƙa shi ba ne. Na zuba ruwa a kwano, na barbaɗa gishiri (teku fa aka ce), na saka shi, na tsuguna ina jiran ya fito da ƙaho.

Inna ta kira ni in sauke mata tulu. Ina juyowa na ga agwagwarta ta tsoma baki a kwanon, ta ɗaga wuya, ta haɗiye. Asabar da Lahadi na yi su ina bin ta da tsinke ina tona kashinta. Babu. Na roƙi a yanka ta.

"A kan tsakuwa?" in ji Inna. "Tashi ka ba ni wuri!"

Ranar Litinin na shiga aji da agwagwa a hammata.

"Ina dutsina?"

"Mushe, ga shi nan. Yana ciki."

"Mi ya kai shi bakinta?"

"Jiƙa shi na yi, ko zai farka."

Aji ya fashe da dariya, agwagwa ma ta sa baki. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mushe ya yi dariya har da hawaye, amma 'yan ɗayan ajin zanen allo kawai suka samu, kuma wannan ya fi dariyar yi mini ciwo.

Abin da ya tsira daga teku da shekaru miliyoyi bai tsira daga hannuna ba. Har yau ina da son gwaji, sai dai yanzu nakan rufe kwano.