Sallau da Takardun Rijiyoyi

Ku matso kusa, ga wata ta zo, ta wani mutum ce da ake kira Sallau.

A ƙauyen Kwarin Dogo yake, cikin wani gida mai ɗaki uku da zaure. Da can gidan cike yake da mutane. Sai mahaifinsa ya rasu, ƙannensa mata biyu suka yi aure a nesa, matar da aka aura masa ta yi shekara guda ta ce ba za ta iya ba. Ya rage daga shi sai mahaifiyarsa, Inna Tabawa. Ita kaɗai ta san kansa. In ta ce ya ɗebo ruwa tulu biyu, biyu zai ɗebo cif. In ta manta ba ta ce ya sauke ba, haka zai tsaya da tulun a ka har ta waiwayo. Da Allah ya yi mata rasuwa, Sallau ya kusa shekara hamsin. Kullum da safe sai ya yi salla, ya share tsakar gida, ya fito zaure ya zauna yana jiran a ce masa yi kaza. Babu mai cewa. Masu wucewa su yi masa sallama daga nesa, su wuce.

A bayan gari akwai wata kwalejin kimiyya, a cikinta akwai ɗakin gwajin sinadarai. Wata malama mai suna Dakta Uwani ce ke aiki a ciki. Mijinta da 'ya'yanta suna can birni, ita kaɗai take zaune a gidajen malamai. Tana binciken ruwan rijiyoyi ashirin da biyu na ƙauyukan kewaye, don a gane wacce ke da gubar dalma. Ta nemi wanda ya san hanyoyin rijiyoyin, ya kuma iya ɗan rubutu, sai mai unguwa ya kai mata Sallau, domin ya yi ajin yaƙi da jahilci. Malam Barmo, wanda ke kula da kayan ɗakin da ƙananan ma'aikata, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wata uku za mu gwada ka. In ka yi, ka zauna. In ba ka yi ba, ka san hanyar gidanku." Sallau ya ce to. Abin da ya fi tsoro a duniya shi ne komawa zaman zauren nan. A ɗakin gwaji kuwa, kowace safiya akwai mai cewa, "Baba Sallau, zo."

Wata rana Dakta Uwani za ta shiga aji, ta bar wata na'ura tana auna ruwa. Ta miƙa masa babban littafin da ake rubuta aikin ɗakin, ta ce, "Baba Sallau, a aikinmu abin da ba a rubuta ba, kamar bai faru ba ne. Duk abin da ya faru a ɗakin nan ka rubuta, da lokacinsa." Da ta dawo ta tarar ya cika shafi huɗu. Ta fara karantawa a fili, Malam Barmo yana tsaye. "Ƙarfe goma, na'ura ta yi ƙara. Goma da minti biyar, ƙadangare ya shigo ta taga, ya fita. Goma da kwata, Malam Barmo ya ci ƙosai shida kusa da ma'auni, ya goge hannu da rigar aikin Dakta. Goma da rabi, Malam Barmo ya yi barci. Sha ɗaya, yana nan dai." Nan ta tsaya. Malam Barmo ya ce a yage shafin. Dakta ta ce ba a yaga shafi daga littafin gwaji, ƙa'ida ce, shi ma ya sani. Tun daga ranar Malam Barmo bai ƙara amsa gaisuwar Sallau da baki ba, sai da ka.

Wata rana kuma ta ga kwalabe barkatai a kan tebur, ta ce, "Duk abin da yake da ruwa a ciki, in babu takarda manne a jikinsa mai faɗin ko mene ne, a zubar. Ba ma ajiye abin da ba mu san asalinsa ba." Sallau ya zubar da kwalabe uku da ake nufi. Sannan ya zubar da shayin Dakta, da kunun zaƙin da matar Malam Barmo ta dama masa, da ruwan butar alwala. Malam Barmo ya girgiza gorarsa ya ji wayam.

"Kai, ina kununa?"

"Ba shi da takarda, Malam."

"Kunun ne sai ya nuna takarda? Shiga jirgi zai yi?"

Washegari Sallau ya zo da tuwon ɗumamensa, ya manna takarda a jikin kwanon: tuwo, na Sallau, Talata. Ya zauna a bayan ɗaki ya ci shi kaɗai.

Wata rana Dakta ta zuba alƙaluman gwaji a kwamfuta, ta sa ta wani dogon lissafi da zai ci yini guda. Ta ce, "Kada ka bar kowa ya taɓa kwamfutar nan har ta gama." Ta fita. Ba ta kai bakin ƙofar kwaleji ba ta tuna ta shigar da wata lamba ba daidai ba, ta juyo da sauri. Ta tarar Sallau ya ja kujera ya zauna a gaban kwamfutar, ya ware hannuwa.

"Matsa, Baba Sallau, gyara zan yi."

"Ranki ya daɗe, an ce kada a bar kowa."

"Ai ni na ce."

"Shi ya sa."

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma lallashi. Sallau hawaye ya cika masa ido don ba ya son ɓata mata rai, amma bai matsa ba. Haka ta ja kujera ta zauna gefensa, su biyu suna kallon kwamfuta tana ta aikin banza har la'asar. A zaman nan ne ta ba shi labarin ƙaramar 'yarta da ta fara tafiya ba ta gani ba, sai a waya. Shi kuma ya ba ta labarin Inna Tabawa. Da lissafin ya ƙare sai ya tashi ya ce, "Yanzu kya iya taɓawa."

Wata rana ta kwafe duk sakamakon aikinta a wani ɗan ƙaramin filas na kwamfuta da bai kai yatsa ba. Ta ce masa su masu bincike ba sa ajiye sakamako wuri ɗaya, sai wuri uku, ɗaya kuma nesa da sauran, inda gobara ko ɓarawon da ya shiga nan ba zai kai ba. "Kai wannan ka ajiye mini nesa," in ji ta. A ranta ofishinta take nufi, can ƙarshen kwaleji. Sallau ya ƙulle filas a bakin zanin Inna, ya tafi tasha. Mota biyu ya shiga, sannan ya yi tafiyar rabin yini a ƙasa, har ƙauyen da aka haifi mahaifiyarsa, domin shi ne wuri mafi nisa da ya sani. Ya tarar gidan kakanninsa ya zama gonar gero. Ya yi ta faɗin sunan Inna Tabawa, babu wanda ya tuna ta sai wani tsoho makaho, shi ma ya ce kamar dai ya taɓa ji. Sallau ya sa filas a ƙaramar tukunya, ya binne a gindin kukar da ta rage a wurin, ya juyo. Kwana uku ba a gan shi ba. Da ya dawo ya faɗi inda ya kai, Dakta ta dafe kai. Malam Barmo kuwa ya buga takardar sallama, ya sa a aljihun tebur, ya ce saura mako guda wata ukun ya cika, kuma shi ya gama ganin abin da zai gani.

Wata rana a cikin makon nan, damina ta riga ta zauna, aikin Dakta ya kammala. Washegari za ta ɗora sakamakon a wani ma'aji na intanet, inda masu bincike na ko'ina suke zuba nasu don kowa ya ɗauka ya duba. Kafin nan sai manyan malamai uku na kwalejin sun gani sun amince, kuma a ranar nan da azahar za su zauna. Ta buga takardun, kowace rijiya da shafinta, mai ruwa mai kyau da koren layi, mai guba da ja. Tana fama da intanet da ya ƙi tafiya, ta miƙa wa Sallau ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Kai wa waɗanda abin ya shafa."

Sallau ya fito ya tsaya a rana yana tunani. Su wa ruwan rijiya ya shafa? Manyan malamai ruwan leda suke sha, ya gani da idonsa. Sai ya ari keken mai gadi, ya sayi ƙusa, ya bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Kowace ya kafa mata takardarta a jikin itacen guga, ya ce wa matan da ke wurin, "Kore, ku sha. Ja, kada ku sha." Manyan malamai suka zauna har la'asar babu takarda, suka tashi a fusace. Malam Barmo ya zaro takardar sallama ya sa hannu.

Da safe Sallau ya zo, aka miƙa masa. Ya karanta a hankali, ya naɗe, ya tsaya a bakin ƙofa, domin takardar ta ce aikinsa ya ƙare amma ba ta ce ya tafi ina ba. Yana nan tsaye sai ga mutane sun fi talatin sun nufo ɗakin, wasu da takardun a hannu, wasu da kwalaben ruwa. A gabansu akwai wata tsohuwa, Iya Tamadi, daga Unguwar Maƙera. Ta ɗaga takardarta mai koren layi, ta ce wa Dakta, "'Yar nan, ke ce kika ce rijiyarmu lafiya lau?"

"Ni ce, Iya. Sau huɗu muka auna."

"Yaushe?"

Dakta ta buɗe kwamfuta ta duba ranakun. Duk huɗun a cikin rani ne.

"To ai da rani ni ma lafiya lau nake," in ji tsohuwar. "Sama da mu akwai masu fasa tsofaffin batura. In ruwan sama ya sauka, ta wurinsu yake bi ya gangaro mana. Ki ɗanɗana yanzu ki ji, kamar kin tsotsi ƙusa. Jikokina uku daga nan suke sha."

Dakta ta karɓi kwalbar ruwan da tsohuwar ta zo da ita, ta shiga ciki. Mutane suka zazzauna a inuwa, Sallau yana tsaye inda yake. Bayan azahar ta fito, fuskarta ta canza. Ta ce wa Iya Tamadi akwai gubar dalma a ruwan, kada kowa ya ƙara sha daga rijiyar, daga yau ɗin nan. Da a ce ta ɗora sakamakon yadda yake, da duniya duka ta karanta cewa ruwan lafiya lau ne, da sunanta a ƙasa. Sauran mutanen kuma kowa da nasa: wannan ya ce akwai rijiyar da ba a ƙirga ba, wancan ya ce tasu an yashe ta bara.

Ta juya ta ga Sallau da takarda a hannu. Ta karɓa ta karanta, ta miƙa wa Malam Barmo.

"Malam, wannan a mayar da ita aljihun tebur."

"Dakta, mutumin nan ya bar manyan malamai zaune."

"Na ce ya kai wa waɗanda abin ya shafa. Ka nuna mini inda ya kuskure."

Malam Barmo ya dubi tsohuwar, ya mayar da takardar aljihun tebur.

Dakta ta sa aka fito da benci da tebur bakin ƙofa, ta ba Sallau sabon littafi. Ta ce, "Baba Sallau, nan ne wurinka. Duk wanda ya zo da ruwa, ka zaunar da shi, ka manna wa kwalbar takarda, ka tambaye shi labarin rijiyarsa, ka rubuta."

"Har yaushe, ranki ya daɗe?"

"Har sai na ce ka tashi."

Bayan shekara guda aka mayar da Dakta Uwani birni, kusa da 'ya'yanta. Ranar tafiya ta yi sallama da kowa, ta riƙe hannun jakarta ta tsaya gaban bencin, ta ce, "Baba Sallau, Allah ya saka da alheri." Ya miƙe yana jiran sauran maganar. Ta dube shi, ta shiga mota, ba ta ƙara komai ba. Wasu sun ce mantawa ta yi. Ni dai ban ce ba.

An canza malamai sau uku tun daga lokacin, Malam Barmo ya yi ritaya. Wani sabon shugaba ya taɓa cewa Sallau ya tashi daga wurin, Sallau ya ce masa cikin ladabi ba shi ne zai faɗa ba. Wata rana mutum biyar su zo da kwalabe, wata rana babu ko ɗaya, ya yini yana kallon hanya da littafi buɗe a gabansa.

Nan tawa ta tsaya. Wanda hanya ta bi da shi ta can, ya riƙe 'yar kwalba ko da ruwan randa ne, ya zauna ya ba shi labari. Zai rubuta duka.