Tsohon da Na Sa Ya Riƙe Mini Fitila

Ba zan taɓa mantawa da wannan magaribar ba, kuma tunda kowa a Mandawari ya ba da labarin yadda ya ga dama, bari ni ma in faɗi nawa. Mutane cewa suke yi surukina ne ya hana ni ɗaukar hoto. Wasu har ƙarawa suke yi wai ya rantse kyamara ba za ta kwana a gidansa ba. Ƙarya ce. Bawan Allahn nan bai taɓa hana ni komai ba. Bakina ne ya fara ɓarnar, kunyar mutanen gidanmu ta ƙarasa.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ce, hotunan 'yan takara ma ba su gama ɓanɓarewa daga bangon unguwa ba. Na gama sakandare, sakamako bai yi kyau ba (lissafi ne ya kayar da ni, ba sai an tambaya ba), sai na riƙa zama a shagon hoto na Kawu Sani, ƙanin mahaifiyata. Shi ya koya mini sa fim da auna haske. Ba don Allah kaɗai ya koya mini ba. Gidaje da yawa a cikin gari ba sa barin namiji ya shiga wurin kamu ko wuni, ni kuwa har ƙuryar ɗakin amarya nake kutsawa. Mahaifina, Malam, ya yarda bisa sharaɗi: mata kawai, cikin gida kawai.

Ban daɗe ba na gaji. Kullum hoton ɗaya ne. Amarya ta sunkuyar da kai, ƙawaye sun jeru kamar masu jiran allura, bayansu kabad cike da kwanuka. Filasha ta haske su, kowa ya fito da ido a zare. Ni abin da nake so in ɗauka shi ne titi bayan rana ta faɗi, lokacin da masu shayi da masu tsire ke kunna fitilu, fuskar mutum rabi a haske rabi a duhu. Na faɗa wa Kawu, ya ce in bar ɓata masa fim.

A lokacin an riga an sa mini rana da Nasiru (ku yi haƙuri, ni sunansa nake kira). Ya ce shi bai ƙi in ci gaba da aikina bayan biki ba, amma tunda a gidan mahaifinsa za mu zauna a Sheshe, sai an nemi izinin Alhaji. Ya ce in ba shi lokaci ya samu tsohon cikin nishaɗi ya shigar da maganar. Wato kyamarata tana rataye a bakin mutumin da ban taɓa gani ba. Ranar da suka kawo gaisuwa da ranar da aka sa rana, a zaure suka tsaya, ni kuwa an tura ni can ɗakin Inna an sake labule, don yarinyar kirki ba ta leƙen suruki. A raina dai na zana shi: ƙato, babbar riga, hula a karkace, fuska ba wasa.

To, ina da ƙawa Bilki, tela ce, tun firamare muke tare. Ta ɗinka wata doguwar riga ta baƙar shadda da aikin zare ruwan zinare a wuya, tana son hotonta a cikin rigar ta maƙala a ɗakin ɗinkinta masu kawo aiki su gani. Na ce wallahi ba zan tsayar da rigar nan gaban labulen shagon Kawu mai zanen jirgin sama ba. Na ce ta bari, ina da dabara.

Sai aka kira ni wani wuni a wajen Ƙofar Kabuga. Na ja Bilki ta sa rigar ta raka ni. Aka tashi bayan magariba, fim ɗina da ɗan saura. An ɗauke wuta, unguwa ta yi duhu, ga wani mai tsire a bakin titi, tukubarsa jajir, hayaƙi na tashi. Na dubi Bilki na ce nan ne. Ta ce ita tsoro take ji kada a gan mu. Na ce wa ya san mu a Kabuga? (Ku riƙe wannan hankalin nawa, a lokacin har alfahari nake yi da shi.)

Ɗaukar hoto ba filasha yana da wahala ɗaya: dole kowa ya daskare, wanda ake ɗauka da mai ɗauka, in ba haka ba hoton ya fito a dagule. Na tsayar da Bilki gefen hayaƙin, na jingina gwiwar hannuna da teburin mai tsiren. Hasken tukuba ya kama rigar, amma fuskarta ta nutse. Muka sayi tsire don mu samu bakin roƙo, na ari fitilar ƙwai a wurinsa. Saura mai riƙewa. Mai tsiren ya ce shi hannunsa ba ya hutawa.

A kan benci kusa da mu akwai wani tsoho siriri, kaftani fari da ya sha wanki, hula ta kwanta, ya cire takalmi ya naɗe ƙafa ɗaya. Tun ɗazu yake kallonmu. Ko gaisuwar kirki ban yi masa ba, sannun da na yi ma a tsaye na yi ta.

"Baba, tunda zaune kake ba abin da kake yi, taimaka ka riƙe mana fitilar nan."

Bilki ta zungure ni. Shi kuwa ya yi murmushi, ya zura takalmi, ya karɓa. Ya tambaya ina zai tsaya. Na nuna masa. Na leƙa kyamara na ga hasken ya yi ƙasa, na ce ya ɗaga. Ya ɗaga. Na ce ba haka ba, sama da kanta. Ya ƙara. Na ce ya matsa baya, hularsa na shigo mini hoto. Ya matsa. Duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙuri in ina aiki, har Kawu sai da ya taɓa cewa da ni soja ce da ba a miƙa mulkin ba.

Hannunsa ya fara rawa, hasken na lilo a fuskar Bilki. Na sauke kyamara na ce, "Haba Baba, fitila ce fa ba buhun gero ba. In ka motsa ka ɓata mini aiki."

Ya ce to, Allah ya ba da haƙuri. Ya tallafe gwiwar hannun da ɗaya hannun. Na ɗauka, na sake ɗauka, na juya Bilki, na gyara mata mayafi, na sake ɗauka. Can ya ce cikin raha ko za a yi masa guda ɗaya shi ma, tunda ya yi aikin. Na ce fim ɗin saura kaɗan, kuma ba shi aka zo ɗauka ba.

Ina leƙe a kyamara na ji babur ya tsaya a bayana. Wani ya sauko, ya wuce ta gefena da sauri, ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban mai riƙe mini fitila. Na buɗe baki zan ce malam ka shiga mini hoto, sai hasken ya faɗa kan ƙeyarsa. Na san ƙeyar nan.

"Baba, a yi haƙuri na makara. Ya mai jikin?"

Ashe tsohon dubiyar wani amininsa ya zo yi a Kabuga, yana zaune yana jiran ɗansa ya zo ya mayar da shi gida. Bai sauke fitilar ba. Ya dubi Nasiru ya ce, "Da sauƙi. Taso ka karɓe ni, hannuna ya sage. Amaryarka ta ce in na motsa zan ɓata mata aiki."

Wato tun farko ya gane ni. Yarinya nawa ce a cikin gari ke yawo da kyamara a wuya?

Nasiru ya waiwayo. Ban san me fuskarsa ta yi ba, don ni tuni na zube a ƙasa na ja mayafi na rufe kaina ruf, kyamarar na bugun ƙirjina. Na so in gaishe shi, abin da ya fito daga bakina shi ne ina kwana. Da magariba. Mai tsiren ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Bilki kuwa, da rigarta ta zinare, ta ɓace kamar ba a taɓa haihuwarta ba. Na ji Alhaji yana mayar wa mai tsire fitilarsa yana yi masa godiya, ya ce da Nasiru ya fara samo mana mota tukuna, shi zai jira.

Kafin gari ya waye labarin ya riga ni zagaya unguwa. Malam bai dake ni ba, ko faɗa bai yi ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya aika aka kira Kawu Sani ya miƙa masa kyamarar da hannunsa, ya ce a kulle. Sannan ya sa babbar riga ya tafi Sheshe ba da haƙuri. Alhaji ya ce masa ba komai, yarinta ce. Malam ya dawo ya fassara ba komai ɗin nan da cewa mutumin kirki ne ya haɗiye fushi, don haka mu ma sai mu nuna mun san daraja. Nasiru kuwa ya ce da wane ido zai je ya nemi izinin kyamara bayan abin da kyamara ta yi. Maganar ta mutu a nan, ba wanda ya kashe ta.

Kawu ya wanke fim ɗin a ɓoye ya nuna mini. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma ban sake ba. Hayaƙin ya naɗe Bilki, zaren wuyan rigar yana ƙyalli. Ba ta taɓa maƙala ko ɗaya ba, mahaifiyarta ta ce ba a ɗakinta ba. Ta daɗe ba ta yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Aka yi biki, na tare a Sheshe. Kullum da safe nakan durƙusa daga bakin ƙofar turakar Alhaji in gaishe shi fuska a rufe, ya amsa, in tashi da sauri. Ana ta bukukuwa a cikin gari, wata yarinya daga wata unguwa ce ke shiga ɗakunan amare yanzu, hotunanta duk kawuna a yanke. Ni ina gida ina tankaɗe.

Shekaranjiya ina taya Hajiya, uwar mijina, gyaran zogale, sai ta ce Alhaji ya tambaye ta wai me ya sa yarinyar nan ta bar sana'arta, ko ɗansa ne ya hana ta. Na ce Hajiya, ba Alhajin ne ya hana ba? Ta ce shi da wa? Ai ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi, shi kuma ba zai aika wa surukarsa da maganar ba, kada a ce yana tsokanarta. Duk watannin nan, gida biyu suna ta jin kunyar juna a kaina.

Abin da na koya dai bai taka kara ya karya ba: duk tsohon da kika gani a kan benci a garin nan, ki durƙusa ki gaishe shi tukuna, don surukin wata ne, kuma ba mamaki naki ne.

Na gaji da jiran maza su yi magana a madadina. Gobe in na durƙusa gaisuwar safe ba zan tashi da sauri ba. Fuskata a rufe, zan fara ba shi haƙurin da ban taɓa ba shi da bakina ba, sannan in roƙe shi ya aika wa Malam cewa a buɗe kyamarar.