Farfela Ta Zame, Uwargida Na Tsallake

"…da gajiya, ango mai furfura? Yau kuma me ka kashe?"

Tsoho mai kwalekwale ya harari jikansa bakanike. Ya dire injin jirginsa da farfelar a kan benci, yana haki. Tun hantsi matarsa ke zaune a tsallaken kogi da kayan cefane tana jiran ya ɗauko ta, shi kuwa ya daki kututture a ruwa: inji sai ruri, jirgi ko motsi.

"Kai, mai baƙin hannu, yi mini walda. Liƙe farfelar nan da cibiyarta, ta daina zamewa har abada."

"Walda? Lallai tsufa ya taɓa sama. Robar da ke tsakaninsu fa ita ta fanshe ka. Da ba ta saki ba, da haƙoran giyar ne suka zube kamar naka."

"Nawa sun zube ne a kan nama. Kai naka me suka taɓa ci, ban da ƙusa?"

Bakanike ya kwance ƙusar akwatin giya, mai ya ɗigo masa a yatsa.

"Ka ga, tas, ruwa bai shiga ba. Giyarka ta fi ka lafiya. Roba ce kawai ta mutu a bakin aiki."

"Ni na koya wa kada iyo, yau ɗan jiya zai koya mini inji!"

"To tafi da iyo. Matata dai tana can rana na gasa ta."

"Matarka? Da me ka aure ta, da sifana?"

Tsoho ya leƙa waje, ya ga inuwa ta koma ƙarƙashin ƙafa. Ya san bakin da ke jiransa.

Jikan ya sauko da wata farfela daga rataye, ya ɓoye a bayansa.

"Ce ka bar mini ita, in ɗaura maka wannan. Mai nema ba ya fushi."

Tsoho ya ƙyalƙyale da dariya har dasashi ya bayyana.

"Na bar maka, ɗan nema, halak malak! Ɗaura mu tafi. In mun isa, kai ne miji: kai za ka fara sauka ka gaya mata abin da ya tsare ka."